Yadda Muka Rasa Ƙafar Baban Nafisa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya bar mini mijina da rai. Sunana Rabi. Ni da maigidana Malam Isiyaku, wanda kowa ke kira Baban Nafisa, 'yan Zariya ne, amma mun fi shekara ashirin a Landan, a wani flat na council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, hawa na biyu a unguwar Woolwich. Shi direban bas ne, ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi. 'Yarmu ɗaya ce, Nafisa, tana jami'a a wani gari mai nisa da mu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin labarin nan bai wanke ni ba. Amma gara in ji kunya a takarda da a ce wata ta bi hanyar da na bi.

Abin ya faro ne daga kaina. Shekarar da mahaifiyata ta rasu, ina wurin aiki aka bugo mini, kafin in iso gida har an kai ta makwancinta. Daga nan barci ya ƙaurace mini, ga ciwon kai da ba ya sauka, ga faɗuwar gaba babu dalili. Na je wurin GP, wato likitan unguwarmu. Mutumin kirki ne, amma minti goma ake ba kowa, rabinsu kuma idonsa na kan kwamfuta. Ya rubuta mini magani, na fito kamar ban shiga ba.

Akwai wata aminiyata, Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, tana sayar da daddawa da busasshen kifi da kayan yaji a Peckham. Ran nan na je sayayya, ta ƙare mini kallo ta ce da irin Hausarsu ta Gana, "Rabi, kin rame fa. Akwai wani mata a Catford, Baturiya ne, shi ya yi mini maganin gwiwa. Homiyofati ake ce ma aikinsa. Ba bokanci ba ne, ba kuma irin ƙwayan asibiti mai lalata ciki ba."

Ban taɓa jin kalmar ba. Amma na yi booking, aka ba ni rana, na je.

Dattijuwa ce mai sanyin murya, ɗakin aikinta a saman gidanta yake. Awa ɗaya da rabi ta ba ni. Ta tambaye ni ta wane gefe nake kwanciya, gishiri na fi so ko zaƙi, sanyi ya fi damuna ko zafi, wane irin mafarki nake yi. Sai ta ce, "Yaya sunan mahaifiyar taki? Wace irin mace ce?" Tun da aka yi rasuwar babu wanda ya yi mini wannan tambaya. Na yi kuka har na ji kunyar kaina.

Da na natsu sai ta yi mini bayanin aikinta, zan kuma faɗe shi yadda na fahimta, don wanda bai sani ba ya sani. Ta ce wani likita Bajamushe ne ya fito da tsarin fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Tushensa shi ne, abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi ne zai warkar da marar lafiyar da ke da irin wannan alamar. Ta ba ni misali da albasa: tana sa hawaye da yoyon hanci, saboda haka da ita ake haɗa wa mai atishawa da ƙaiƙayin ido magani. Amma ba haka nan ake ba da ita ba. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo casa'in da tara na ruwa, a girgiza da ƙarfi, a sake ɗaukar ɗigo ɗaya daga wannan a zuba a sabon ruwa, a yi ta maimaitawa, wani lokaci har sau talatin. A wurinsu, iya yawan sirkawar iya ƙarfin maganin. Daga ƙarshe sai a ɗiga ruwan a kan 'yan ƙwayoyin sukari farare ƙanana kamar gero. Ba a taɓa su da hannu, a murfin kwalba ake karkaɗo su a zuba ƙarƙashin harshe. Ta hana ni kofi da man goge baki mai na'a-na'a.

Cikin mako biyu na fara barci. Ciwon kan ya tafi. Daga ranar na zama mai wa'azin homiyofati, duk taron suna ko biki sai na yi zancensa.

Baban Nafisa ya kai shekara shida da ciwon sukari a lokacin. Ƙwayoyin da asibiti ke ba shi suna murɗa masa ciki, ga shi direba, idan ya ɗauki hanya ba shi da damar tsayawa inda ya ga dama. Sau da yawa yakan dawo ransa a ɓace, ya ce, "Maman Nafisa, maganin nan zai tozarta ni a gaban fasinja wata rana." Ni na matsa masa har ya bi ni Catford.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Matar ta tambaye shi magungunan da yake sha, ta kuma ce masa kada ya daina su sai da sanin likitansa. Har a takardar da ya sa wa hannu an rubuta haka. Amma da muka dawo gida, ni ce na ce masa, "Ai dole su faɗi haka don kare kansu. Yaya za a yi na gaskiyar ya yi aiki alhali kana ɗura wa jikinka wancan?" Ya fara da rage ƙwaya ɗaya. Bayan wata guda ya daina gaba ɗaya. Cikinsa ya lafa, ya koma cin tuwonsa cikin daɗin rai, muka ce ai ga shaida. Na'urar awon sukari kuwa kullum sama take nunawa, sai ya ce tayar masa da hankali kawai take yi, ya jefa ta cikin durowa. Yawan shan ruwa da yawan fitsarin da ya dawo masa, muka ce jiki ne ke wanke kansa.

Duk shekara akan kira shi asibiti a duba masa ƙafafu. A wannan shekarar an ba shi rana, ya nemi hutu a wurin aiki, ana gobe aka aiko saƙo an soke. Da aka sake ba shi wata rana sai ya ce ba zai ƙara ɓata hutunsa ba. Ni ma na ƙyale shi.

Ranar Babbar Sallah ya sa sabon takalmi ya tafi Idi, daga can ya zarce gaisuwa gidajen 'yan uwa har Peckham. Kwana biyu bayan haka ina ware kayan wanki na ga tabon jini a safarsa ta dama. Na ce ya nuna mini ƙafar. Bororo ne ya fashe a ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa bai wuce kwabo ba. Ya yi dariya ya ce, "Wallahi ban ma ji ba." Ni da nake duba ƙafafun tsofaffi kullum a wurin aiki, ni da aka koya mini cewa rauni a ƙafar mai ciwon sukari ba a kwana da shi, kuma rashin jin zafin shi ne abin tsoron, na wanke masa na manna filasta na koma wankina.

A mako na biyu raunin bai kame ba. Na buga wa matar Catford waya na ce ɗan bororo ne. Ban gaya mata ya bar maganin asibiti ba. Ta aiko mana da wasu ƙwayoyi da man shafawa ta gidan waya.

A mako na uku ƙafar ta kumbura, gefen raunin ya yi ja, mugunya ta fara fita. Na sake bugawa. Ta ce a tsarinsu wani lokaci ciwo yakan ƙaru kafin ya fita, alama ce jiki na turo cutar waje, amma idan bai sauka ba cikin 'yan kwanaki a nuna wa likita. Rabin farko na maganarta na riƙe, na watsar da sauran. A makon ne kuma yayarsa, Yaya Talatu, ta fara turo saƙonnin murya daga Zariya. Yau ta ce a shafa zuma da man habbatussauda, gobe ta ce ita jikinta na ba ta wani abu ya taka, a daina yawo da shi wurin Turawa. Muka haɗa duka, zuma da safe, man Catford da yamma.

Sau ɗaya na gwada neman GP. Ƙarfe takwas na safe ake buɗe layi, na buga ina tsaye a tashar bas, na yi ta jin kiɗa a kunnena har na kusa isa wurin aiki. Da mai karɓar waya ta ɗauka, ta ce, "Na gaggawa ne?" Na ce a'a, ɗan rauni ne a ƙafa. Ban ambaci sukari ba, don ina tsoron a tambaye ni maganinsa. Ta ba mu rana bayan mako uku. Ina da ƙorafi a kan wannan layin da wannan jiran, har gobe ina da shi. Amma tambayar da ta dace ta yi mini, ni ce na ba ta amsar ƙarya.

A mako na huɗu takalmi ya daina shigarsa, ya ɗauki hutun rashin lafiya. Wani wari ya fara tashi, na yi ta kunna turaren wuta. Idan Nafisa ta kira ta bidiyo, sai ya ja bargo ya rufe ƙafar, mu nuna mata fuskokinmu muna murmushi. Na san halin 'yata, da ta gani da a ranar za ta hau jirgin ƙasa.

Ranar Juma'ar mako na biyar na buɗe bandeji na ga babban yatsan ya yi baƙi. Na ɗauki hoto na tura Catford. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira. Muryar nan mai sanyi ta canza. Ta ce, "Ki kai shi asibiti yanzu. Wannan ba aikina ba ne. Yana shan maganin sukarinsa?" Na ce ya daina. Ta ce, "Rabi, tun yaushe?" Na ce wata biyar. Na ji ta ja dogon numfashi, ta ce, "Yanzu, don Allah. Kada ki jira."

Baban Nafisa ya ce ƙarshen mako ne, asibiti a cike yake da 'yan maye, mu bari sai Litinin. Na yarda. Kwana biyun nan su ne suka fi tsaya mini a rai.

Ranar Lahadi da hantsi na kawo masa koko na tarar yana makyarkyata, jikinsa kamar garwashi. Ya dube ni ya ce in miƙo masa rigar aiki, fasinja na jiransa a Sabon Gari. Nan na kira motar asibiti.

Ba su bar shi a layin jira ba. Ina ganin yadda ma'aikatan suka kewaye shi da sauri na san abin ya girma. Aka sa masa ƙarin ruwa hannu biyu, aka ɗebi jini. Sai dai babu gado a sama, muka wuni a kan gadon turawa a wani lungu, labule kawai ya raba mu da jama'a. Wata likita, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba, ta ja ni gefe. Kalma ɗaya ta faɗa da har yau take mini amo a kunne, sepsis. Ta ce ma'anarta cutar da ke ƙafar ta shiga jini. Ta tambaye ni me yake sha. Na ciro 'yar kwalbar daga jakata na miƙa mata. Ta juya ta, ta karanta, ba ta yi mini tsawa ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce, "Wannan ba zai cutar da shi ba, ba zai kuma yi masa komai ba. Wanda ya daina sha shi ya kawo mu nan. Da kun zo makonni uku da suka wuce, da wata maganar muke yi."

Nafisa ta iso da la'asar. Yarinyar nan a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa tun tana ƙarama. Ta saurari likita, ta leƙa ƙafar, sannan ta juyo ta dube ni. Da Hausarta mai tsami ta ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Washegari aka yi tiyata ta farko, aka cire yatsu biyu. Muka yi ta addu'a a tsaya nan. Kwana goma ana ba shi magani ta jijiya, hankalinsa ya dawo, zazzaɓin ya sauka ya sake tashi. Sai babban likitan tiyata ya zo, ya jawo kujera ya zauna, ya ce cutar ta kama ƙashi, jini kuma ba ya isa ƙasan ƙafar yadda za ta warke. Idan ana son ransa, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Baban Nafisa ya daɗe yana kallon takardar amincewa da aka miƙo masa. Can ya ce, "Likita, da ita fa nake taka birki." Likitan ya ce ya sani. Ya yi bismilla ya sa hannu.

Mako shida muka yi a asibiti. A nan na ga mutanen da ba zan iya biyansu ba. Akwai wata nas 'yar Jos, Kirista, Sista Ladi. Ranar da ta ji muna Hausa ta tsaya cak ta ce, "Kai, ashe 'yan gida ne! Sannu Baba, yaya jiki?" Daga ranar, idan ya ƙi cin abinci ita ake kira. Ita ce ta yi masa bayani lokacin da ya fara kukan ƙaiƙayi a yatsun da babu su, ta ce ba haukacewa yake yi ba, haka jiki ke yi. Ita ce kuma ta same ni ina kuka a bakin lifta ta ce, "Maman Nafisa, kukan ya isa haka. Yanzu hannunki yake bukata." An canza masa maganin sukari zuwa wani da ba ya damun cikinsa. Ashe tun farko akwai shi, tambaya ce kawai ba mu yi ba. Kuma duk maganin nan kyauta ake ba mai ciwon sukari a ƙasar nan. Mu muka bar na kyauta muka je muna biya a Catford.

Hajiya Memuna ta zo da kular shinkafa da wake, ta durƙusa a gefen gadon tana hawaye, tana cewa, "Malam, ni ya jawo wannan. Ni ya nuna hanya." Ya ce mata ta tashi, ita gwiwa ta ce, ba ta ce sukari ba. Yaya Talatu kuwa har yau tana nan a kan cewa wani abu ya taka. Na daina musu da ita.

Dawowa gida wata jinyar ce daban. Benenmu ba shi da lifta. Mutum biyu suka ɗauko shi a kujera suka hau da shi, daga nan kuma sai da ya yi wata uku bai ga titi ba sai ta taga, in ban da ranakun da motar asibiti ke zuwa ɗaukarsa. Mun nemi council su sauya mana gida a ƙasa, muka cike takardu har muka gaji, har yanzu muna jira. Na rage kwanakin aikina. Na koyi naɗa bandejin dungulmin, na koyi taimaka masa wanka ba tare da na sa shi jin kansa kamar yaro ba. Aikin bas ya tafi. Idan jar bas ta wuce ta ƙarƙashin tagarmu, yakan bi ta da ido har ta sha kwana. Yanzu an yi masa ƙafar roba, yana koyon tafiya da sanda, yana sauka benen a hankali, ni a gaba shi a baya.

Mutane suna tambayata ko zan kai matar Catford ƙara. A kan me? Ta ce kada ya daina magani, ni na ce ya daina. Abin da nake riƙe da ita da shi guda ɗaya ne, maganar nan ta cewa ciwo yakan ƙaru kafin ya fita. Bai kamata a faɗa wa mutum haka a waya a kan ƙafar da ba a gani ba, domin mai tsoron asibiti a nan zai fake. Nafisa ta zaunar da ni ta nuna mini da kofi da cokali cewa idan aka sirka abu sau talatin irin haka, babu ko ɓurɓushinsa da ya rage, ruwa ne kawai da sukari. Masu aikin suna cewa ruwan yana riƙe da tasirin abin. Ni ba mai ilimin da zan raba wannan gardama ba ce. Abin da na sani shi ne, barcina ya dawo bayan na sami wadda ta zauna ta saurare ni na yi kukan uwata, ni kuma na ɗauka ƙwayar ce. Wannan kuskuren na ɗauka na ɗora a kan ciwon da ba ya jin lallashi.

Saboda haka 'yan uwana, musamman mu da ke zaune a ƙasar nan muna jin haushin minti goman likita, wanda yake son zuwa wurin masu homiyofati don a saurare shi, ban hana shi ba. Amma kada ya ajiye maganin sukari ko na hawan jini saboda su. Idan magani na damunka, koma ka ce a canza. Idan aka tambaye ka ko na gaggawa ne, faɗi gaskiya duka. Mai ciwon sukari kuma a duba masa ƙafa kullum, ko ya ce ba ya jin komai.

Wata uku da sallamarmu ban iya buɗe baki na nemi gafararsa ba. Ina yi masa komai, amma wannan ta gagare ni. Sai wata rana da azahar, ina riƙe da buta ina zuba masa ruwan alwala yana zaune a bakin gado. Ya wanke fuska da hannuwa, ya shafi kai da kunnuwa, sannan ya sunkuya kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya miƙa hannu zai kama ƙafar dama. Hannun ya tsaya a iska.

Na ajiye butar na durƙusa. Na ce, "Baban Nafisa, ka yafe mini. Ni na kai ka, ni na ce ka daina, ni na ga jinin na yi shiru."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Rabi, ke kika faɗa, amma da hannuna na ajiye maganin. Ranar Juma'ar nan ma ni na ce sai Litinin. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini wahalar da nake ba ki." Ya goge idonsa da bayan hannu, ya turo ƙafar hagu gabana. "Zuba mini a wannan, kada lokaci ya wuce."

Na ɗauki butar na zuba.